Canjin agogo a ƙasashen Turai da barcin jinjiri

Akwai ƙasashe inda ake taɓa agogo sau 2 cikin shekara. Ba lalacewa yake yi ba. Doka ce ta gwamnati. Ƙarshen watan Maris a tura shi gaba da awa 1. Ƙarshen watan Oktoba a maido shi baya. Faransa na cikin ƙasashen nan, da Beljik, da Jamus, da Italiya, da Ingila. Amurka ma na yi, amma ranakunta dabam ne. A Nijar ba a taɓa agogo. Haka a Najeriya, da Gana, da Cadi.

Manya kan yi gunaguni kwana 2 ko 3, su saba. Jinjiri kuwa bai san agogo ba, bai san doka ba. Lokacin da jikinsa ya saba, nan yake neman nono, nan yake neman barci. Shi ya sa in watan Maris ya kama, iyaye mata a can kan shiga shiri tun da sauran kwanaki.

Kiran da ya tada jinjiri

A ɗauki misali. Wata tsohuwa ce a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Ɗiyarta na aure a birnin Liyon, cikin Faransa. Ɗiyar na goyon yaro ɗan wata 8. Kowace Lahadi, ƙarfe 6 da rabi na marece, tsohuwar kan sa a kira mata ɗiyarta ta salula, don ta ji muryar jikanta kafin a kwantar da shi ƙarfe 7. Duk tsawon sanyi haka suke yi.

Ran Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta kira kamar kullum. Sai ta ji kukan yaro, ta ji ɗiyarta na magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, barka da marece. Ga shi kin tada maigidan naki. Da ƙyar na samu ya yi barci."

"Subhanalla! Yau da wuri kuka kwantar da shi? Ko ba shi da lafiya?"

"Lafiyarsa lau, Inna. Nan ƙarfe 7 da rabi ne. Daren jiya aka canza agogo."

Tsohuwar ta sa aka duba mata agogon salula. Ƙarfe 6 da rabi ne, ba ƙari ba ragi. Ba wanda ya yi kuskure cikinsu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, agogon Nijar da na Faransa ɗaya ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, na Faransa na gaba da awa 1. Samari masu kallon ƙwallo sun daɗe da gane wannan. Wasan da ake farawa ƙarfe 9 na dare a Paris, lokacin sanyi ƙarfe 9 ake ganinsa a Maraɗi. Bayan canji, ƙarfe 8 ake ganinsa.

Rana dabam, agogo dabam

Kafin a gane canjin agogo, sai an gane abu guda. Tafiyar rana ba ta hannun kowa. Agogo kuwa shiri ne na mutane, yarjejeniya ce.

Duniya na juyawa sau 1 cikin awa 24. Don haka rana na fitowa gabas kafin yamma. Mutumin Damagaram na ganin fitowar rana wajen rabin awa kafin mutumin Yamai. Mutumin Difa na riga na Yamai da wajen minti 40. Masu azumi sun san haka: Damagaram ta sha ruwa, Yamai na jira. Amma duk ƙasar agogo ɗaya take bi, don rediyo da mota da makaranta da ofis su tafi tare. Abin da mutane suka shirya, mutane na iya sake shi. Canjin agogo ke nan.

Ga abin da ya faru cikin shekarar 2024. An canza agogo a Faransa ran 31 ga Maris, ana tsakiyar azumi. Ran Asabar Musulmin Paris sun sha ruwa wajen ƙarfe 7 da minti 20. Ran Lahadi sun sha ruwa wajen ƙarfe 8 da minti 20. Azumin bai ƙaru da awa 1 ba. Asuba ma ta matsa da awa 1 bisa agogo. Rana ta faɗi lokacinta. Sunan lokacin ne aka sake.

Mi ya sa suke haka?

A Nijar dare da yini kusan daidai suke duk shekara. A Yamai, yini mafi tsawo, cikin watan Yuni, bai cika awa 13 ba. Mafi gajarta, cikin watan Disamba, ya ɗara awa 11 kaɗan. Bambancin wajen awa 1 da rabi ne.

Turai ba haka take ba, don tana can arewa da nisa. A Paris, yinin watan Yuni ya kai awa 16. Na watan Disamba awa 8 da ƴan mintoci. In ba a taɓa agogo ba, rana za ta fito cikin Yuni tun kafin ƙarfe 5 na safe, mutane na barci, haske na tafiya banza. In an tura agogo gaba, mutane su tashi da wuri ba tare da sun lura ba, hasken ya koma marece, a jinkirta kunna fitila.

Wani magini na Ingila, sunansa Wiliyam Wilet, ya yi ta kiran a yi haka tun 1907. Ya mutu cikin 1915, bai ga abin da ya nema ba. Yaƙi ne ya kawo shi. Ran 30 ga Afrilu 1916, ana cikin yaƙin duniya na farko, Jamus ta tura agogonta gaba don ta rage ƙona kwal, watau gawayin ƙasa irin wanda ake haƙowa a Anu Araren, ƙasar Agadas. Ingila da Faransa suka bi cikin shekarar nan. Faransa ta bar abin bayan 1945. Ta koma gare shi cikin 1976, sabo da tsadar man fetur da ta faro cikin 1973.

Tun 1996 ƙasashen Tarayyar Turai ke canzawa rana ɗaya: Lahadin ƙarshe ta Maris, da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Cikin 2025 ta faɗo ran 30 ga Maris. Cikin 2026, ran 29. Tsakar dare ake yi. A Faransa, in ƙarfe 2 na dare ya buga, sai a ce ƙarfe 3 ne. Daren nan ya rasa awa 1. Salula na gyara kanta, agogon bango sai an sa hannu.

Ba kowa ke son abin ba. Cikin 2018 an tambayi mutanen Tarayyar Turai. Mutum miliyan 4 da dubu 600 suka ba da amsa, kuma 84 cikin 100 suka ce a daina. Majalisar Turai ta jefa ƙuri'ar dainawa cikin 2019, amma gwamnatoci ba su daidaita bisa agogon da za a riƙe ba, maganar ta tsaya. Wutar da ake ragewa ma ba ta da yawa yanzu, don fitilun zamani ba su cin wuta kamar na da. Rasha ta daina canji cikin 2011, Turkiyya cikin 2016, Barazil cikin 2019. Masar kuwa ta koma gare shi cikin 2023.

Agogon da ke cikin jiki

Kowane mutum na da agogo cikin kansa. Wani ɗan wuri ne cikin ƙwaƙwalwa, bai kai ƙwayar gero girma ba, yana kusa da jijiyoyin ido. Shi ke gaya wa jiki lokacin barci, da lokacin tashi, da lokacin yunwa. Haske ne ke saita shi. In ido ya ga hasken safe, jiki ya san gari ya waye. In duhu ya shiga, jiki ya fara sakin wani sinadari cikin jini, ana ce da shi melatonin. Shi ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi da marece na hana shi fita da wuri.

Wannan agogo ba ya tsalle. Yana matsawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya taɓa zuwa Makka ta jirgi ya san abin: agogon can na gaba da na Nijar da awa 2, sai mutum ya yi ƴan kwanaki kafin barcinsa ya daidaita.

Jinjiri sabon haihuwa bai da wannan saiti tukuna. Ba ya bambanta dare da rana. Ya sha, ya yi barci awa 2 ko 3, ya farka, ya sha. Sai wajen wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara yin melatonin nasa yadda ya kamata, barcin dare ya fara tsawo. Kafin nan yana samun kaɗan cikin nonon uwa, don nonon dare na ɗauke da shi, na rana kuwa kusan babu. Sabo da haka canjin agogo bai shafi ɗan ƙasa da wata 3 ba. Ba a shirya masa komi. A ba shi nono duk sa'ad da ya nema.

Wanda abin ya shafa shi ne ɗan wata 4, 5, 6 zuwa sama, wanda ya riga ya kama lokaci.

Hukumar lafiya ta duniya, watau OMS, ta faɗi yawan barcin da yara ke bukata cikin awa 24, har da na rana. Cikin 2019 ta fitar da lissafin. Daga haihuwa zuwa wata 3, awa 14 zuwa 17. Daga wata 4 zuwa wata 11, awa 12 zuwa 16. Ɗan shekara 1 zuwa 2, awa 11 zuwa 14. Cikin barci jiki ke girma, ƙwaƙwalwa ta ajiye abin da yaro ya koya da rana. Yaron da barci bai ishe shi ba yakan yi rigima, ya ƙi abinci, ya yi ta kuka ba dalili.

Ran Lahadin canji

A koma ga jikan tsohuwar nan. Ya saba kwanciya ƙarfe 7 na marece, ya tashi ƙarfe 6 na safe. Awa 11 ke nan. Da rana yana barci sau 2, da hantsi da bayan azahar, jimilla wajen awa 2 da rabi.

An tura agogo gaba. Ran Lahadi agogon bango ya ce ƙarfe 7 na marece. Jikin yaro ya ce ƙarfe 6 ne. Uwa ta kwantar da shi, ido biyu, yana wasa da ƙafa, can ya fara kuka. Bai yi barci ba sai ƙarfe 8. Da safe kuma ba zai farka don kansa ba sai ƙarfe 7 na sabon agogo.

Macen ƙauye na iya yin dariya nan. Ta ce: to, a bar yaro ya tashi ƙarfe 7 mana, mi ya ɓace? Tana da gaskiya, in uwar na gida. Wasu iyaye a can haka suke yi, ba su taɓa komi. Wanda ɗansa ke tada shi ƙarfe 5 na asuba har murna yake, don yanzu ƙarfe 6 agogo zai nuna.

Amma yawancin matan can na aikin albashi. A Faransa hutun haihuwa na ɗan fari da na biyu mako 16 ne: 6 kafin haihuwa, 10 bayanta. In ya ƙare, uwa ta koma aiki, a kai jinjiri gidan renon yara ko wurin mai reno. Ba kaka kusa, ba kishiya, ba ƙanwa mai goya shi. Gidan reno na buɗewa bisa agogo. Jirgin ƙasa na tashi bisa agogo. Mai ba da aiki na duba agogo. Ran Litinin dole a tada yaro ƙarfe 6 na sabon agogo, ko da bai yi barci ba sai ƙarfe 8. Ya rasa awa 1. Ya yini yana rigima hannun mai reno. Marece ya yi, gajiya ta yi masa yawa, barcin ya ƙi zuwa da daɗi, ya yi ta farkawa cikin dare. Uwa ma ba ta runtsa ba, ga aiki da safe, wata ma mota za ta tuƙa. Awa 1 ce, amma tana iya cin mako guda.

Dubarar minti 15

Dubarar da masu duba lafiyar yara ke koya wa iyaye mai sauƙi ce. Awa 1 minti 60 ce. In aka raba 60 gida 4, kowane kashi minti 15 ne. Jikin jinjiri ba ya ɗaukar minti 60 lokaci guda, amma minti 15 ba ya ko lura da su. Sai a fara kwana 4 kafin ranar.

Ran Laraba da marece, maimakon ƙarfe 7, uwa ta kwantar da yaro ƙarfe 7 saura kwata. Ran Alhamis, ƙarfe 6 da rabi. Ran Juma'a, ƙarfe 6 da kwata. Ran Asabar, ƙarfe 6 daidai. Cikin daren nan aka tura agogo. Ran Lahadi, ƙarfe 6 na tsohon agogo shi ne ƙarfe 7 na sabo. Yaro ya iso wurin kafin agogo ya iso.

Inda iyaye da yawa ke kuskure shi ne nan: suna matsa kwanciya, su manta da tashi. Yaron da aka bari ya yi barci har lokacin da ya saba, ba zai ji barci da wuri ba da marece. Barci kamar yunwa yake, taruwa yake yi. Tun daga sa'ad da yaro ya farka yake taruwa, har ya cika. Don haka tashi ma sai an matsa shi. Safiyar Alhamis a tada shi ƙarfe 6 saura kwata. Juma'a, ƙarfe 5 da rabi. Asabar, ƙarfe 5 da kwata. Lahadi, ƙarfe 5 na tsohon agogo, wanda bango zai nuna ƙarfe 6. Ba girgiza yaro ake ba. A buɗe labule, a kunna fitila, a yi masa magana a hankali, a ɗauke shi a ba shi nono.

Duk sauran abubuwan yini su bi sahu. Barcin hantsi ya matsa minti 15. Kunun rana ya matsa minti 15. Barcin bayan azahar haka. Wankan marece haka. Barcin rana na ƙarshe shi ya fi son kula. In ya yi tsawo har la'asar sakaliya, ya cinye na dare. Gara a tada yaro daga gare shi da ɗan wuri.

Akwai yaro mai wuyar sha'ani, wanda minti 15 ma ke dame shi. Shi sai a yi masa minti 10, a fara kwana 6 kafin ranar, don 10 sau 6 sittin ne. Akwai kuma ɗan shekara 1 ko 2 mai sauƙin kai, wanda rabin awa sau 2 ta ishe shi, Juma'a da Asabar.

In uwa ta manta, Lahadi ta riske ta ba shiri fa? Ba a makara ba. Dubarar ɗaya ce, sai dai bayan canji za a yi ta. Ran Lahadi ta kwantar da shi ƙarfe 8 saura kwata na sabon agogo, Litinin ƙarfe 7 da rabi, Talata ƙarfe 7 da kwata, Laraba ƙarfe 7. Yawancin yara kan daidaita cikin mako 1.

Agogo ba shi kaɗai ake duba ba. Yaro na nuna alama in barci ya zo: hamma, murza ido, jan kunne, kau da kai daga wasa, ido ya tsaya wuri ɗaya. In alamun nan sun fito kafin lokacin da aka rubuta, a kwantar da shi. In an kwantar da shi ya yi minti 20 yana kuka, ba alamar barci, a ɗauke shi, a rarrashe shi cikin duhu, a sake gwadawa an jima. Takarda ba ta fi yaro sanin jikinsa ba.

Haske da duhu

Wahalar canjin Maris ba ta tsaya ga awa 1 ba. Ran Asabar rana na faɗuwa a Paris wajen ƙarfe 7 da kwata. Ran Lahadi sai ƙarfe 8 da kwata. Ana kwantar da yaro ƙarfe 7, rana na waje tsaye. Kuma kullum yini ƙara tsawo yake. Cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare. Yaro ya ga haske ta taga, jikinsa ya ce da sauran lokaci.

Sai uwa ta yi masa dare da hannunta. Awa 1 kafin kwanciya ta rufe tagogi, ta saki labule mai kauri, ta rage fitila, ta kashe talabijin, ta kau da salula daga idonsa. Da safe kuma ta yi akasin haka. Ta buɗe ko'ina, in hali ya yi ta fita da shi waje ya sha hasken safe. Hasken safe na jawo agogon jiki baya, ya sa barci ya zo da wuri. Hasken marece na tura shi gaba. Cikin duk dubarun nan babu mai ƙarfin wannan, kuma kyauta ne.

Abu na biyu shi ne sabo. Kowane marece a yi abubuwa iri ɗaya, bi da bi: wanka, shafa mai, tufafin barci, nono, ƴar waƙar rarrashi, kwanciya. In an daɗe ana haka, wankan kansa ya zama sanarwa. Yaro ya ji ruwa, jikinsa ya fara shirin barci, ko ƙarfe nawa ne. Miji ma na da aiki nan. In ya dawo aiki ya tarar ana shirin kwanciya, ba lokacin cilla yaro sama ba ne.

Abin da ba a yi

Ba a ba jinjiri maganin sa barci. Wannan ya shafi uwa a Liyon, ya shafi uwa a Madawa. Akwai maganin ruwa na mura da na ƙaiƙayi mai sa gyangyaɗi, irin Phenergan. Wasu kan ɗura wa yaro shi don ya yi shiru. An hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara 2 ba, don yana iya tsaida numfashi. Mai tallan magani bisa tire ba zai faɗi haka ba. Ƙwayar melatonin da ake saidawa a kantunan magani na Turai ma ba a ba jinjiri ita sai likita ya rubuta. Jiƙo da tsimi na sa barci, ba wanda ya san ƙarfinsu bisa ɗan ƙaramin jiki.

Ba a hana yaro nono don a bi agogo. Kwanciya ake matsawa, da wanka, da kunu. Nono kuwa, in ya nema a ba shi, dare ko rana. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ba ruwa ba kunu. Cika masa ciki da kunu kafin lokacinsa don ya yi dogon barci ba dubara ba ce, zawo take kawowa.

Duhun ɗaki ake so, ba rufe fuskar yaro ba. Kada a lulluɓe kansa da zane don a tare masa haske. A kwantar da shi rigingine, bisa shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashin kai, ba tarin tsummoki. Cikin 1991 Ingila ta fara gargaɗin iyaye su daina kwantar da jinjiri rub da ciki. Faransa da Amurka suka yi nasu cikin 1994. Mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasashen nan. Inda akwai sauro, sange ya rufe shimfiɗa, amma ya yi nisa da fuskar yaro.

Sannan kada a ɗora wa agogo laifin ciwo. Yaron da canji ya dama yana rigima, amma yana shan nono, yana wasa, jikinsa ba zafi. In barcin ya yi yawa har tada shi na wuya, in ya ƙi nono, in jikinsa ya yi zafi, in numfashinsa ya yi sauri, wannan ba maganar lokaci ba ce. A kai shi gidan likita ranar nan.

Ƙarshen Oktoba ana maido agogo baya, daren ya ƙaru da awa 1. Manya na jin daɗi. Mai jinjiri ba ta ji, don yaron da ke tashi ƙarfe 6 zai tashi ƙarfe 5. Dubarar ita ce dai, a juya ta: kullum a jinkirta minti 15.

A ƙauyukan Nijar ba dokar da ke taɓa agogo, amma lokacin gida na sakewa. In azumi ya kama, gida na tashi tsakar dare don sahur, hira ta yi tsawo bayan asham. In damina ta faɗi, uwa na fita gona tun da sassafe da goyo. In an yi tafiya ko an koma birni aiki, komi ya sake. Duk sa'ad da aka san ranar tun da wuri, ana iya matsa barcin yaro kaɗan-kaɗan kafin ta zo. Wadda ba ta da agogo na iya aunawa da inuwar bango ko da kiran salla. Ita kuwa tsohuwar ƙasar Tasawa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, ƙarfe 5 da rabi ya kamata a kira mata ɗiyarta.

Aikin allo

Malami ya zana agogo 2 bisa allo, ya rubuta Nijar ƙarƙashin ɗaya, Faransa ƙarƙashin ɗaya. Cikin watan Yuli, ƙarfe 4 na marece a Tawa, ƙarfe nawa ne a Paris? Cikin watan Janairu fa?

Wata yarinya ƴar wata 10 na kwanciya ƙarfe 8 na dare, tana tashi ƙarfe 6 da rabi na safe. Awa nawa take barcin dare? Za a tura agogo gaba ran Lahadi. Uwarta ta zaɓi minti 10 kowace rana. Wace rana za ta fara? Kowa ya rubuta cikin kayensa lokacin kwanciyar yarinyar na kowane marece, har ran Asabar.